Kaska a Dajin Rosaire

Wata shida Rosaire Daigle bai yi wa 'yarsa Ginette magana ba, tun ranar da ta miƙe a taron gari ta ce hukumar namun dajin da take wa aiki za ta ƙara yawan matan mus da za a harba. Shi da ya shekara arba'in yana kai baƙi dajin arewacin jihar Maine ta Amurka kallon wannan ƙatuwar dabba mai faffaɗan ƙaho, sai ga 'yar cikinsa tana cewa a rage su! Ya ɗauki hularsa ya fice.

Wata safiya cikin Afrilu ta tsaya da mota a ƙofar gidansa.

"Baba, na'urar da muka ɗaura wa wani ɗan maraƙin mus a wuya ta nuna ya daina motsi. Yana fadamar bayan tsohon injin katako, kuma ban san hanya ba."

"Duk digirin naki?"

"Digiri bai san inda laka ke haɗiye mutum ba. Sa takalminka."

A mota ya riƙa kallon gefen titi. A nan marigayiya matarsa Odile take lissafa mus in za su coci, wata Lahadi har ashirin da uku, suka makara, limamin ya yi ta harararsu. A lokacin ƙanƙara kan sauka tun Oktoba ta daskarar da 'ya'yan kaska a kan ciyawa, kuma ba ta narkewa sai Mayu. Yau ga ƙasa nan tsirara, baƙi ƙirin.

Sun yi tafiyar awa guda a ƙafa kafin su sami maraƙin kwance a mace a gindin itace. Gashin kafaɗunsa duk ya zube saboda susa, ya yi fari fat, haƙarƙari a waje. Ginette ta buɗa gashin wuyansa. Kaska ce jere a kan kaska, kowace ta ƙoshi kamar 'ya'yan inabi. Rosaire ya sha feɗe dabba, amma sai da ya kawar da kai.

"Za su kai nawa?"

"Sun fi dubu arba'in. Jininsa suka shanye. Waɗannan za su faɗo a busasshiyar ƙasa su yi ƙwai, da kaka 'ya'yansu su hau na gaba. In mus sun yi yawa a wuri ɗaya, kaska ba ta kwana da yunwa."

"Magani fa?"

"Wa zai bi su ɗaya bayan ɗaya cikin dajin nan, Baba? Kai?"

Ya durƙusa ya riƙe mata ƙafar maraƙin tana aikinta. Ƙafar ba nauyi ko kaɗan.

Da suka fito titi ya buɗe ƙunshin wainar da ya taho da shi, ya miƙa mata rabi.

"Ban ce kin yi daidai ba," in ji shi.

"Na ji."

"Amma in kaka ta yi, ki turo mini maharban naki. Gara ni in kai su, da a bar 'yan birni suna harbin duk abin da ya motsa."

Ginette ta tada mota. Ya ce ta bi ta tsohuwar hanya, ko da ta fi nisa, shi ba ya saurin komawa gida.