Kumburin Wuyan Firmina

Firmina ta kwance ƙyallen da ta naɗe wuyanta da shi a bayan kantin magani, inda masu wucewa a titin birnin Recife ba za su hango ta ba. Tsoho Juvêncio, mai kantin, ya gyara tabarau ya danna ƙululun da ke ƙarƙashin muƙamuƙinta. Ta cije leɓe.

"Wannan ya nuna, 'yata. Yau ko gobe zai fashe. Kina shan man hantar kifin kuwa?"

"Safe da yamma, Baba. Har gumina ƙarnin kifi yake yi."

"Ruwan aidin mai ƙarfe fa?"

"Duba haƙorana ka gani."

Ya duba. Sun yi baƙi. Ya ɗauko wata kwalbar maganin ƙarin jini ya miƙa mata, amma bai sake ta ba.

"Abin da kike zubawa ta baki, jaririn mutane yana zuƙewa ta ƙirji. Wane ƙarfi za ki yi? Ki daina shayarwa, ki tafi bakin teku ki sha iska."

"In ci iskar kuma?" Ta karɓe kwalbar ta ɓoye a kwando.

Tun da aka haifi Otávio take shayar da shi a gidan mahaifiyarsa Dona Leopoldina, matar wani attajirin sukari. Tata ɗiyar tana garin Olinda wurin kakarta, ana ba ta kunun rogo. Da wannan aikin ake ciyar da su biyun.

Tana shan kwanar gidan ta ga keken dokin likita a ƙofa.

A falo Dona Leopoldina tana kai da kawowa da yaron a kafaɗa, yana ta tsala kuka.

"Ina kika shiga? Jikinsa kamar garwashi!"

"Kasuwa na je, ranki ya daɗe."

Likita Amaro ya karɓi yaron ya kwantar a kan tebur. Ya saurari ƙirjinsa, ya buɗe bakinsa, sannan ya bi da yatsu a bayan kunnuwansa har zuwa wuya. Nan yatsun suka tsaya. Firmina ta san wannan tsayawar.

"Akwai ɗan ƙululu," in ji likita. "Ƙarami ne tukuna. Man hantar kifi, rabin ƙaramin cokali, a kuma riƙa fitar da shi hantsi. Akwai mai irin wannan kumburin a gidan nan?"

"Allah ya kiyaye!" in ji uwar ɗakin. "Gidan nan?"

Likita ya fara tattara kayansa. Bai ko kalli Firmina ba. Da ta yi shiru, shi ke nan. Ta dubi ɗan wuyan da ta saba shafawa in yana tsotso, ta ga yadda yake miƙo mata hannu. Ta ajiye kwandon, ta kwance ƙyallen.

Dona Leopoldina ta dafe baki. "Yesu! A ƙirjinki ɗana yake kwana, muguwa!"

Likita ya matso ya juya fuskar Firmina wajen taga.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan bikin Kirsimeti, ranka ya daɗe."

"Ni na duba ki ranar da aka ɗauke ki aiki. Lafiyarki lau a lokacin. Kina kwana a waje?"

"Ban taɓa ba. A tabarma nake kwana, ƙofar ɗakin maigida, kusa da gadon yaro."

Daidai nan tari ya taso daga saman bene, mai zurfi, mai tsawo, irin wanda ke sarƙe mai shi. Maigida ne. Kowa a gidan ya saba da shi, ana cewa ƙurar sukari ce. Likita ya ɗaga kai ya kalli rufin har tarin ya lafa, sannan ya kalli uwar ɗakin, don ya san cutar da ke kawo irin wannan tarin ita ce ke kumbura wuya. Ta ƙura masa ido ba ta ƙifta ba.

Ya rufe jakarsa. "A nemi wata mai shayarwa," ya ce a hankali, ya ɗauki hularsa.

"Ki tattara kayanki kafin rana ta faɗi," in ji Dona Leopoldina.

Firmina ta ɗaure tufafinta a zane ɗaya. Kukan Otávio bai tsaya ba. An gwada madarar akuya a cokali, ya tofar. Nonon Firmina ya cika har ya jiƙa mata riga.

Ta kai ƙofar baya ke nan uwar ɗakin ta cim mata, gashi a warwatse, yaron a hannu, muryarsa ta dushe.

"Ba shi ya sha kafin ki tafi. Sau ɗaya kawai. Don Allah, Firmina."

Yaron ya ji ƙanshinta, ya fara wuntsila yana neman ƙirjinta. Firmina ta ɗora ƙunshin a ka, ta riƙe shi da hannu biyu gam don kada hannayen su miƙa.

"Ki ɗuma madarar kaɗan, ranki ya daɗe. Ba ya son abu mai sanyi."

Ta fita, ta nufi hanyar Olinda.