Hukuncin Agwagwa

Ranar da na fara ganin mijina, agwagwa na gani. Firjin kantin maganin da nake aiki ne ya mutu da tsakar rana, cike da alluran da ba sa son zafi, sai mai kantin ya turo mini lambar wani mai gyara. Na ajiye lambar, na duba hoton da ke kanta, sai ga agwagwa mai ido ɗaya sanye da hular ƙarfe, baki a karkace kamar an kwaɗa mata mari. Na ce a raina, yau magungunan nan sun lalace. Bayan minti arba'in sai ga mutum kamili ya shigo da akwatin kayan aiki, ya yi sallama, ya durƙusa bayan firjin. Da ya gama, na kasa haƙuri na tambaye shi. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Hukunci aka yanke mini. Amma zalunci ne, ni ke da gaskiya."

Shekara goma sha ɗaya na zauna da shi, ban taɓa jin ya canza wannan magana ba.

Akwai wani wasan bidiyo da yake fitowa kashi-kashi, duk bayan 'yan shekaru. Labarin wata ƙasa ce ta dodanni da matsafa wadda sarkinta ya ɓace, kai mai wasan kana yawo gari-gari kana cigiyarsa, kana zaɓar abin da za ka faɗa wa mutane, kana tara takubban da ba za ka taɓa amfani da su ba. Mijina da wasu mutum ashirin da uku suna da guruf a waya tun suna samari. Tsakanin kashi da kashi ba abin bugawa, don haka sai su zauna suna hasashe da tsokanar juna. Manya-manyan mutane, masu iyali, har da mai furfura, su wuni suna musu a kan ko wani dodo yana da ƙane.

Suna da doka ɗaya. Duk wanda ya yi hasashe ya ce "na sa hannu", sai shugaban guruf ɗin, wanda suke kira Alƙali, ya rubuta ya ajiye. Idan sabon kashi ya fito ya ƙaryata ka, za ka cire hotonka daga kan lambarka ka sa na agwagwar nan kwana talatin, kowa ya gani, har masu ba ka aiki. Agwagwar ita ce halitta mafi rashin amfani a wasan. Mijina ya sa ta sau shida, ba wanda ya kamo ƙafarsa. Saboda haka suka raɗa masa suna Farfesa.

Babban hasashensa a kan wani mai fito ne. Wani tsoho ne a bakin kogi, yana cikin kowane kashi, yana tsallakar da kai a kwale-kwale, kuma ba ya faɗar komai sai "Ruwa ya yi yawa yau." Mijina ya kafe kai da fata cewa wannan tsohon shi ne sarkin da ake nema. Yana da hujjoji. In ka tsayar da hoton daidai lokacin da ya ɗaga sandar tuƙi, akwai alamar zobe a yatsansa. Dawakai suna sunkuyar da kai in sun zo kusa da shi. Ya zana mini taswira a bayan kwalin kayan gyara. Ya yi mini bayani ina wanke-wanke, ya yi mini ina zazzaɓi, ya yi wa mahaifiyarsa har ta yi barci a kujera. In na ce, "Don Allah ka bar bawan Allah ya yi fitonsa," sai ya ce, "Za ki gani. Ranar nan sai kin ba ni haƙuri a tsaye."

Shekara bakwai suna jiran kashi na biyar, na ƙarshe. Saura wata takwas ya fito, mijina ya faɗi a matakalar wani bene yana ɗauke da akwatinsa. Zuciya ce. Kafin na isa asibiti an rufe shi da mayafi.

Ba zan yi dogon bayani a kan watannin da suka biyo baya ba. Abu ɗaya kawai zan faɗa, shi ma don ya ƙona mini rai ne. Mutane suka taru suka mayar mini da miji wani mutum dabam. Mai haƙuri, in ji su, mai sanyin hali, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Wa? Mutumin da ya yi gaba da ni kwana biyu don na ce dawakan ciyawa suke ci, ba gaisuwa suke yi ba? Duk wanda ya zo sai ya rage murya ya yabe shi, ni kuma ina zaune ina jin kamar ana yi mini ta'aziyyar wani baƙo. Na rasa shi sau ɗaya a asibiti, ga shi ana ƙara ɗauke mini shi kaɗan-kaɗan a falona.

Wayarsa ce ta riƙe ni. Ban kashe ta ba, kullum ina sa mata caji, ina tafiya da ita aiki. In lokacin hutun rana ya yi, sai in shiga ɗakin baya, in zauna kan kwalin maganin ƙarin jini kusa da firjin da ya gyara, in buɗe guruf ɗin. Ban taɓa rubuta komai ba, ba su kuma san ina karantawa ba. Ina komawa baya cikin hirarsu shekara da shekaru. Can ne kaɗai yake nan yadda yake, yana cika baki, ana yi masa ca, yana ramawa da saƙon murya na minti tara. Wani da suke kira Dogo, direban babbar mota, shi ne abokin gabarsa. Ya taɓa haɗa hoton mijina da kambin sarauta a cikin bahon wanki, ya rubuta a ƙasa, "Ruwa ya yi yawa yau." Na yi dariya a ɗakin nan har mai kantin ya leƙo, ya ga ina hawaye, ya koma.

Wasan ya fito ranar Talata. Guruf ɗin ya yi tsit kwana tara, kowa na bugawa. A rana ta goma wani ya rubuta, "Na gama." Can wani ya ce, "Ni ma." Ba wanda ya ƙara komai, sai na san an samu matsala.

Dogo ne ya fasa ƙwai. Sarkin ya mutu tun kafin kashi na ɗaya, ƙasusuwansa aka samu a ƙarƙashin wata hasumiya. Mai fito kuwa mai fito ne. A ƙarshen wasan ma an ba ka damar tambayarsa ko shi wane ne, sai ya dube ka ya ce ruwa ya yi yawa yau. Da mijina na raye, da ranar nan wayoyi sun kama wuta. Maimakon haka Dogo ya rubuta, "Allah ya jiƙan Farfesa," sauran suka bi layi da amin.

Washegari Alƙali ya turo saƙon murya. Malamin makaranta ne, yana magana a hankali kamar mai karanta sanarwa. Ya ce an yafe wa marigayi hukunci. Ya ce ranar Asabar shi da Dogo za su je su gaishe da iyalinsa, kuma in ta tambaya, a ce mata hasashensa ya yi daidai, don ba ta san wasan ba, kuma zai sanyaya mata zuciya. Bayan nan za a cire lambarsa daga guruf ɗin, saboda bai dace a ci gaba da raha a gaban mamaci ba.

Na saurara sau uku. Wato wuri ɗaya da ya rage mini, shi ma za su share shi su fesa turare. In suka cire lambar, hirar za ta tsaya cak, sunansa ya fita daga jerin, shi ke nan ya zama mutumin kirkin nan da kowa ke yabo. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji tsoro.

Suka zo Asabar da hantsi. Alƙali gajere ne, da tabarau. Dogo sai da ya sunkuya a ƙofa. Suka zauna a bakin kujera, suna satar kallon na'urar wasan da ke ƙarƙashin talabijin, na lulluɓe ta da ƙyalle. Na kawo musu shayi. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a, aka ce mutum ne mai haƙuri.

"Wasanku ya fito, ko?" na ce.

Alƙali ya gyara tabarau. "Ya fito, Madam. Dama muna so mu faɗa miki. Maganar da ya daɗe yana yi, ta mai fiton nan, to, ta tabbata."

"Shi ne sarkin?"

"Shi ne."

Na juya wajen Dogo. "Kai ma ka gani?"

Dogo ya zuba wa kofinsa ido. "Na gani, Madam. Da kambi da komai."

"A cikin bahon wanki?"

Shayin ya sarƙe shi. Na ciro wayar daga aljihun rigata na ajiye a kan tebur, suka gane ta nan take, da tsagewar da ke gefen gilashinta.

"Wata takwas ina cikinku," na ce. "Na ji saƙonka, Malam. Na san da alheri kuka zo, amma ku dubi Allah. Mutumin nan ya sa hannu ko bai sa ba?"

"Ya sa," in ji Alƙali a hankali.

"Ya ci ko ya faɗi?"

Alƙali ya dubi Dogo.

"Ya faɗi warwas," in ji Dogo.

"To wa ya ba ku izinin yafe masa? Da yana nan, zai karɓi yafiyarku? Ce muku zai yi masu wasan ne suka yi kuskure, za su gyara a kashi na shida."

"Babu kashi na shida, Madam."

"Shi zai ce akwai."

Dogo ya fashe da dariya, dariyar ta juye, ya rufe fuska da manyan hannayensa, kafaɗunsa na girgiza. Alƙali ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Kowa ya mayar mini da shi waliyyi," na ce. "Ku kaɗai kuka san shi da taurin kansa. In ku ma kuka fara jin nauyinsa, ina zan je in same shi? Ku yanke masa hukuncinsa kamar kowa."

Alƙali ya mayar da tabarau, ya ɗauko tasa wayar, ya yi rubutu da yatsa ɗaya. Wayar mijina ta yi ƙara a kan tebur. Saƙon ya ce, "Farfesa ya sa hannu cewa mai fito shi ne sarki. Hasashe ya faɗi. Agwagwa, kwana talatin, daga yau."

Hoton agwagwar yana nan cikin wayar, bai taɓa goge shi ba. Wanda ke kan lambar kuwa ni na ɗauke shi, yana murmushi a bakin ƙofar gidanmu da farar riga. Na canza shi da na agwagwar.

Kafin su tashi saƙonni sun fara shigowa. Na farko ya ce, "Sau bakwai ke nan, a ba shi kofi." Wani ya ce, "Farfesa, ina sarkin naka?" Dogo, yana zaune a gabana hanci na zuba, ya sake tura hoton bahon wanki.

Abin da na manta shi ne Mama. Surukata tana zaune da ƙanwarsa a wata unguwa, kuma na san kowace safiya takan buɗe lambarsa ta kalli hoton nan mai farar riga kafin ta karya. Washegari da safe ina ɗaura takalmi ta kira ni.

"'Yata, me ya sami hoton yaron nan? Na duba na ga wata tsuntsuwa."

Na zauna a bakin gado na yi mata bayani tun daga farko, ina haɗawa da ban haƙuri, na ce yanzu-yanzu zan mayar mata da shi.

"Tsohon nan na kwale-kwale?" ta ce. "Wanda ya ishe ni da shi?"

"Shi, Mama."

"Ashe ba sarkin ba ne."

"Ba shi ba ne."

Na ji ta ja hanci. "Na faɗa masa. Na ce wane sarki ne zai tsaya cikin ruwa shekara da shekaru, sai ya ce wai ban fahimta ba. Tun yana ƙarami haka yake, ko ka kama shi da hannu a tukunya sai ya ce duba ta yake yi." Ta yi 'yar dariya, ta tsaya. "Kwana nawa suka ce?"

"Talatin."

"To kar ki taɓa. A bar shi ya cika abinsa."

Na tafi aiki. Da hutun rana na shiga ɗakin baya, na zauna kusa da firjin, na buɗe wayar. Agwagwar na kallona da idonta ɗaya, baki a karkace, kamar ranar da na ce a raina wannan ba zai gyara komai ba. Yau da nake ba da labarin nan kwana ashirin da shida ke nan. Saura huɗu, kuma ban san yadda zan yi in cire ta ba.