Ni da Igiyar Kare

Mai gidan da muke haya bai ɗaga murya ba, kuma abin da ya fi tayar min da hankali ke nan. Ya tsaya a bakin get ya ce, "Baban Auta, zuwa ƙarshen wata. In karen nan bai daina afka wa mutane ba, ko ya bar gidan, ko ku bi shi."

Laifin karen ne, wato Gawayi, ban musa ba. Telan da ke zaune a saman bene ya sauko da ɗinkin mutane a hannu, ni kuma ina fita da karen, sai kawai ya zabura ya dafa ƙirjin mutumin da ƙafafu biyu. Bai cije shi ba. Amma farin yadi ya sha ƙasa, tela kuwa ya kurma ihun da har masu shagon ƙarshen layi sai da suka leƙo.

Da karen nawa ne, da tun ranar na san inda na kai shi. Na Auta ne. Tun da yayarta ta tafi makaranta mai nisa yarinyar nan ta yi shiru, ba ci ba magana, har kawunta ya kawo mata ɗan kwikwiyo baƙi wuluk a cikin kwali. A bayan gida, gefen kejinsa, na sake jin dariyarta. To da wane baki zan ce mata an kore shi?

Na nemo mai horar da karnuka, wani dogon mutum da ake kira Mai Usur, yana koyarwa a gefen filin ƙwallo. Ya nuna mana yadda ake yi: ka faɗi kalma sau ɗaya, in kare ya bi, ka miƙa masa gutsuren nama nan take. Zauna. Kwanta. Tsaya. A filin nan Gawayi kamar ɗan makarantar da ke neman zama monita. Sai mun dawo gida, wani ya tunkaro get, ya koma mahaukaci.

Na ƙara ƙaimi. Kafin in tafi aiki muna bayan gida, in na dawo muna bayan gida. Aljihuna kullum cike da nama.

"Magunan layin nan duk sun san wandonka," in ji matata. "Jiya biyu suka rako ka har ƙofa."

"Ki bar ni da abin da ya dame ni."

"Ai kai komai ma ya dame ka."

Da na ga wata ya raba ba canji, na roƙi Mai Usur ya zo gidan ya gani da idonsa. Ya zo, ya jingina da bango, ya ce in fita da karen kamar kullum. Muna isa get sai ga ma'aikaciyar asibitin da ke ɗakin gefe ta dawo daga aiki. Gawayi ya miƙe a kan ƙafafun baya yana haushi, matar ta manne da bango tana salati.

"Ka gani?" na ce. "Ka ga abin da nake faɗa maka?"

"Na gani. Amma ba shi nake kallo ba. Yallaɓai, me ya sa ka naɗe igiyar a hannunka?"

"Don kada ya kufce mana!"

"Tun kafin ya hango ta ka ja shi. Numfashi ma ka daina. Shi kare ta igiya yake sauraronka. Kana ja, sai ya ce lallai mai zuwan nan mugu ne, tunda ga babba ya tsorata."

"To in sake shi ya cinye mutane?"

"Ban ce ka saki ba. Sassautawa na ce. Ka kwantar da hankalinka kawai."

Kawai! Mutum ana shirin watsa masa kaya waje, a ce ya kwantar da hankali kawai. Na gwada, Allah ya sani. Ina tuna cewa kada in ja, sai hannun ya ƙara ƙanƙamewa. Mai Usur ya ce in riƙa yin 'yar waƙa a hankali in muna tafiya. Na yi. Tela ya leƙo ta taga ya ce ashe abin ya tashi daga karen ya koma kan mai shi.

Ranar da wa'adi ya cika mai gidan ya zo da yamma, ya ce tela ya sauko ya wuce ta gabanmu a gani. Na ɗauko igiya na riƙe ta gam. Ko motsin tela ba mu ji ba tukuna Gawayi ya fara gurnani.

"Baba, ba ni," in ji Auta.

"Ke? Ya fi ki ƙarfi! In ya ja ki kika faɗi fa?"

Matata ta kamo gwiwar hannuna. "Zo ka duba min famfon kicin, yoyo yake."

"Yanzu?"

"Yanzun nan."

Ta zare igiyar daga hannuna ta miƙa wa yarinyar, ta tura ni ciki ta tare ƙofa. Famfo lafiyarsa ƙalau. Na manna fuska a taga.

Tela ya sauko yana kare ƙirjinsa da kujerar roba. Auta ta nufe shi, igiya tana lilo har tana shafar ƙasa, tana ba karen labarin wani abu da ban ji ba. Gawayi ya shinshina takalmin tela. Ta ce, "Zauna." Ya zauna, har da hamma.

Na fito. Mai gidan ya daɗe yana kallon karen, sannan ya juyo gare ni.

"Zai zauna. Amma kai kada in sake ganin igiyar nan a hannunka."

"Ranka ya daɗe, yarinya ce fa. Ga motoci, ga babura..."

"In dole sai ka bi su, ka bi su daga nesa."

Haka muke yi yanzu. Kullum da yamma su biyu suna gaba, ni ina tsallaken titi, hannuwa a baya, ina lura da duk motar da ta karyo kwana. Jiya wani mai keke ya matso kusa da su, na ɗan ƙara sauri. Gawayi ya ɗaga kunne. Auta ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Baba, ƙara ja baya. Yana jin ka."