Tayoyin Shu'ibu

Shu'ibu na tsugune a ƙofar motarsa yana fifita garwashin shayi sai wani mai kwalekwale ya gifta, ya ɗaga murya ya ce ruwa ya wuce Miga. Sama tas take, ko yayyafi ba a yi ba. Amma haka kogin Haɗejiya yake, ruwan da aka tafka can wajen Kano shi ke lallaɓowa ya cinye fadama ba sallama. Duk mai mota ya san abin yi: ya tattara ya kama hanyar Malam Madori kafin ta rufe, sai kuma bayan kaka.

Motar nan fa abin kallo ce. Tsohuwar motar soja ce Shu'ibu ya saya bayan ya dawo daga yaƙin duniya a Bama, ya raba bayanta biyu, rabi na buhunan gyaɗa, rabi ya kafa ɗakin katako. Ga gadon ƙarfe, ga taga har da labule, ga randa ɗaure da igiya don kada gargada ta fasa ta. Tun rani ya kafa ta a gindin goruba a bakin kogi, wai sayen banda ya zo. Kifin kam ya saya, amma ko makaho ya san wace mai banda ce ta zaunar da shi.

Mairam ke nan, 'yar Bunu sarkin ruwan ƙauyen, bazawara mai dariya ba rowa. Ta yarda da shi tuni. Ubanta ne ya kafe, kuma tsohon yana da hujja. Mijinta na fari ɗan fatauci ne, ya ce zai je gabas ya dawo, shiru har sai da alƙali ya raba auren.

Shayin bai nuna ba 'Yar'azumi, ƙanwar Bunu, ta iso da ƙwaryar kunu. Ita ce mai kai magana da kawowa, kuma ba ta iya tauna zance ba. Ta ce jiya ma ta sake taɓa yayan nata, amsar dai ita ce: wancan da jaki ya gudu, ina ga wanda gidansa ma gudu yake yi? Ta ƙara da cewa in ya tafi yau, kafin ruwa ya janye wani manomi mai katangar ƙasa zai shigo gidan.

"To Gwaggo, ya zan yi? In na bar motar a nan ruwa ya ci."

"Ni na san mota? Kai ne soja."

Ta kwashi ƙwaryarta ta yi gaba. Shu'ibu ya zauna ya yi tagumi, don wallahi yana son matar nan, motar kuma ita ce duk abin da ya mallaka. Ya dubi hanyar arewa, ya dubi tudun da gidajen ƙauyen suke. Ruwa har ya fara lasar ciyawar da ya yi alwala a kanta da asuba.

Sai ya miƙe ya soka hannun tayar da inji, ya murɗa har motar ta yi tari ta kama. Mata suka leƙo ta saman zana, aka ce shi ke nan, direba ya tafi, Bunu ya yi gaskiya. Ya isa mararraba kuwa, maimakon ya yi arewa sai ya karya sitiyari ya hau tudu, awaki na watsewa, ya je ya tsaya daf da dangar Bunu. Ya ciro jak na ɗaga mota, ya roƙi turame biyu da guntayen giginya, ya tuɓe riga. Kafin azahar motar na zaune a kan turame, shi kuma ya yi baƙi ƙirin da mai.

Da kansa ya gungura tayoyin ɗaya bayan ɗaya zuwa rumfar da tsohon ke gyaran komar kamun kifi. Ya durƙusa ya gaishe shi, kansa a ƙasa.

"Baba, ga ƙafafunta nan, a ajiye mini."

Bunu bai ɗago ba sai da ya gama ƙullin da ke hannunsa. Ya ƙirga tayoyin da ido, sannan ya nuna bayan motar da haɓa, inda ta ko-ta-kwana take ɗaure. Shu'ibu ya koma ya kwance ita ma, mutane na ta dariya. Tsohon ya tambaye shi ko ya san ruwa kan yi jinkirin janyewa, gyaɗar fari ta wuce shi. Ya ce ya sani. Bunu ya sa aka kai tayoyin ɗakinsa, ya ce wa 'Yar'azumi a faɗa wa baƙon nan ya aiko magabatansa, ko da a kwalekwale ne. Guɗar da ta rangaɗa har tsuntsayen fadama sai da suka tashi.

Da la'asar ruwa ya shafe gindin goruba, hanyar arewa ta zama tafki. Shu'ibu na zaune a matakalar ɗakinsa, farin ciki ya hana shi ko wanke hannu, sai ga Mairam da akushin tuwo da miyar kifi. Ya zaci zai ga haƙora. Ina! Ta dire akushin, ta zagaya motar tana duban turamen, har da na dakanta a ciki.

Ta ce ita fa tun da aka haife ta ba ta taɓa wuce kasuwar Haɗejiya ba. Duk ranin nan, tana juya kifi hayaƙi na cin idonta, tagar nan mai labule take kallo tana cewa wata rana ta ciki za ta ga jirgin ƙasa, ta ga Kano. Gidan da ba ya motsi ai ƙauyen cike yake da su.

Shu'ibu ya dubi turamen da ke ƙarƙashin motar. Can ya ce ai tayoyin suna hannun Baba yanzu.

Sai a nan dariyar ta ƙwace mata. Ta gyara mayafi, ta tura masa akushin da ƙafa.

"Ci tuwonka. Ni ke share ɗakin Baba, na ga inda aka jingine su."