Irin Dija

Fannami ya sauke kwandon a tsakar gida, ya yaye buhun da ya rufe shi, ya ja da baya yana jiran 'yarsa Aisatu ta yaba. Kokwamba ce fal, kowace ta kai kaurin damtse, ta nuna har ta yi ruwan ɗorawa.

Irin na marigayiya matarsa Dija ne. Tun tana girki gidan wata Baturiya likita a nan Gure ta koyi tsima kokwamba cikin gishiri da binegar, ruwan tsamin nan na Turawa. Shekara da shekaru tana roƙonsa fangali ɗaya a lambunsa na kwari, shi kuwa yana cewa wurin alkama da rogo ne. Sai ta riƙa shuka tata a fasasshiyar tukunya bayan ɗaki, tana ba ta ruwan wanke-wanke. Bai taɓa ɗanɗanawa ba, bai ma taɓa leƙa kwalbarta ba. Abincin Nasara yake ce masa. Ta rasu a shekarar babban fari, ta bar irin cikin gwangwanin madara.

Bana aka tura Aisatu koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, gobe babbar motar kamyo za ta tashi da ita. Sau ɗaya ta taɓa cewa tana kewar tsimin Inna, maganar kuwa ta zauna masa. Ya shuka irin duka a fangalin da ya fi kusa da rijiya, bakwai suka tsiro. Wata biyu yana jan jigo dominsu. Da suka yi 'ya'ya bai taɓa ko ɗaya ba, don a saninsa na kabewa da kankana, manomin kirki ba ya tsinkar ɗanye. Jiya ma ya sayo binegar kwalba biyu a kanti.

Aisatu ta durƙusa ta yanka ɗaya. Cikin ya yi ruwa, 'ya'yan sun yi tauri.

"Baba, Inna tun tana kamar yatsa take tsinkarta. Wannan ba ta tsimuwa."

Ya tambaya ko da an ƙara gishiri, ta girgiza kai. Ya zauna bakin turmi yana duban bayan ɗakin, inda tukunyar take har yanzu.

Can sai ya ji motsin ruwa. Aisatu ce ke kwarfe 'ya'yan cikin ƙwarya tana wankewa, tana bazawa a faifai. Ta ce irin wannan Inna kan bari guda ɗaya tak kowace shekara, saboda iri. Za ta tafi da rabin irin, rabi kuma nasa ne.

"Nuna mini tsawon," in ji shi.

Ta miƙa ɗan alinta. Fannami ya zaro kara daga dangar gidan, ya gwada a jikin yatsan, ya karya daidai, ya sa a aljihu.