Kada Ki Motsa, Malama

…kuma har yanzu ban motsa ba. Ko ɗan yatsa. Sai ƙarar nan, gwam, gwam, gwam, kamar maƙeri ya tare a kunnena, duk da toshiyar da suka yi min. Ni ce a ciki fa! Ni, kwance cikin injin da maigidan yake ta ba ni labarinsa tun aurenmu.

'Yan kunne a cire, awarwaro a cire. Nas tana dariya: "Ƙanwata, ko allurar ɗankwali ce maganaɗisun injin fizge ta zai yi."

Wai lafiyayyen kai suke nema, su auna zafin ƙwaƙwalwarsa, su gwada da na marasa lafiya. Bai nemi yayarsa mai digiri ba. Ni ya kalla. Ni da ko sakandare ban ƙarasa ba…

Ba allura, ba tsaga, ko taɓawa babu. Ya ce ruwan cikin ƙwaƙwalwa murya gare shi, in ya ɗumama sai muryar ta sauya, injin kuwa kunne kawai ya kasa. A kicin ya faɗa, yana nuna tukunyar da ta fara tsuwa. Na ce to. Ban gane ba. Na ɗan gane. Inna dai tafin hannu take ɗorawa a goshi, ta ce a jiƙo tsumma.

In na motsa hoton ya lalace. Ga ogansu can bayan gilashi, yau zai ce a ci gaba da aikin ko a bari.

"Malama, kina ƙoƙari. Kada ki motsa."

Muryar maigidan ce ta lasifika. Malama! Mutumin da ya gama neman tabaraunsa da safe alhali yana kan hancinsa… Dariya — a'a. Wayyo Allah, ba yanzu ba. Tuna wanki. Tuna wanki.

Tsaya… tunani yana ɗumama kai? Ban tambaya ba! In na tuna shi wani wuri ya yi ja a allon kwamfutarsu fa? Gaban abokan aikinsa? Gaban oga? Ai sai ƙasa ta tsage in shige. Sabulu. Bokiti. Igiyar shanya. Shuɗiyar rigarsa — shi ke nan, ya dawo.

To… ya gani mana. Da baki dai ban taɓa iya faɗa masa ba.

Kumatuna suna ɗagawa, na kasa hana su. Ya Allah, murmushi ma motsi ne?