Ƙafar Raƙumi a Kan Layi

Kai ma kana wurin, kada ka ce ba ka gani ba. Ka gani sarai, sai ka ɗaga kai kana bin ƙwallo da ido, don sama ba ta da rigima. Haka kowa yake yi a zauren nan na ƙwallon kwando, har alƙalan wasa.

Raƙumi, dogon ɗan wasan ƙungiyar gida, yana da wata ɗabi'a. In aka ba shi jifan kyauta, wato ya tsaya bayan layi ya jefa babu mai tare shi, sai ƙafarsa ta dama ta zarce layin tun ƙwallo ba ta taɓa zoben kwando ba. Doka ta ce jifan ya lalace. Amma tsofaffin alƙalai sun daɗe da samo dabara: in Raƙumi zai jefa, kwando ake kallo, ba ƙasa ba. Har fentin layin ya koɗe a daidai gurbin takalminsa.

Auta ce sabuwa a cikin alƙalan wasa, kuma kawunta, shugaban alƙalan, shi ya rataya mata usur a wuya. Kafin wasa ya tare ta a bakin ƙofa.

"'Yar nan, yau ke ce a gefen mai jifa. Idonki sama."

"Kawu, kai ka koya mini duba ƙafa."

"A aji ke nan. In kika hura wa Raƙumi, kin hura na ƙarshe."

Ana fara wasa wani siririn ɗan wasan baƙi ya taka layi. Auta ta hura, ta soke makinsa, zaure ya ɗauki tafi.

Lokaci ya kusa cika, baƙi na gaba da maki ɗaya, Raƙumi ya tsaya jifan da zai kawo kunnen doki. Ya buga ƙwallo a ƙasa, ya saki. Ƙafa ta zarce. Ƙwallo ta faɗa raga, mutane suka miƙe da ihu, usur ɗin Auta ya tsaga ihun.

"Babu maki. Ƙwallon baƙi ce."

Raƙumi ya sunkuyo kanta yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba ƙanwata, tun kina goye nake jifa haka."

"To tun ina goye kake taka layi, Yaya."

Kocinsu ya rugo yana kumfar baki. "Wane layi? Ina layin? Nuna mana!"

"Tambayi takalminsa, shi ya cinye."

Wani a cikin 'yan kallo ya tuntsire da dariya, na kusa da shi ya zungure shi. Kawu ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ki ce idonki ne ya yaudare ki. Zan rufa miki asiri."

Ta dube shi. "Wanda na hura wa ɗazu fa? Shi ba ɗan mutane ba ne? Ba zan ce ba, Kawu."

Aka ba baƙi ƙwallo, lokaci ya cika, suka ci. Kawu ya miƙa mata hannu. Ta cire usur ta ɗora masa a tafi.

"Ga shi. Amma makin nan ba ya dawowa."

Ranar Asabar da safe kwamiti zai zauna a ƙaramin ofishin da ke bayan zaure, ya yanke ko za a mayar mata da usur. Shaida ɗaya suke nema. Kawu zai rantse kwando yake kallo, kuma ba ƙarya zai yi ba. Saura kai. Ka tashi ka je, ka ƙwanƙwasa ƙofar, ka faɗa musu inda ƙafar ta sauka.